Waiwaye: Fuskar Laftof da Idon Mai Ita

Tambayoyi uku ake yi a shagunan kwamfuta na kewayen Post Office a Maiduguri, kuma shekara da shekaru ba su canja ba. Core nawa ce? RAM ɗinta nawa? Batir yana kai awa nawa? Da mai saye ya ji an ce i7 sai ya saki fuska, a shiga ciniki, a haɗa masa da caja da jaka, ya tari Keke Napep ya nufi gida. Da wuya ka ji wanda ya ce a buɗe masa farin shafi ya ga yadda rubutu ke fita. Alhali tun daga ranar da ya kai ta gida har ranar da zai rabu da ita, ba zai taɓa sa i7 ɗin nan a idonsa ba. Fuskar kwamfutar zai riƙa wuni yana kallo.

Na fara aikin buga takardu da riƙe lissafin 'yan kasuwa a nan Limanti tun kwamfuta tana akwati a ƙarƙashin tebur, da ƙatuwar fuska mai ƙeya a samansa. A wancan zamani kowa ya san tana cin ido, domin ana ganin haskenta na rawa, har akan rataya mata wani baƙin gilashi a gaba don a rage kaifinsa. Da laftof ta shigo, siririya, haskenta a natse, sai aka daina maganar ido gaba ɗaya. Daga 2015, da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ƙungiyoyin agaji kuma suka cika gari suna neman matasan da za su shigar musu da bayanai, laftof ta tashi daga kayan gayu ta koma kayan sana'a. Ɗalibin Jami'ar Maiduguri ko na kwalejin Ramat ba ya kammala karatu sai da ita. Mai shagon atamfa a Kasuwar Monday yana son yaronsa ya riƙe masa haja da bashi a Excel. Malami yana son littattafan da ba zai iya saye ba su taru masa wuri guda. Duk cikinsu aikin ɗaya ne, karanta ƙananan baƙaƙe da lambobi daga safe zuwa dare.

Kusan duk laftof ɗin da ke hannunmu ta hannu ce, wadda 'yan kasuwa ke ce wa Beljiyam ko Tokumbo, kuma yawanci daga gida uku suka fito: EliteBook ta HP, Latitude ta Dell, sai ThinkPad, wadda IBM ya fara ƙerawa a 1992 kafin Lenovo na ƙasar Sin ya saye sashen a 2005. Don ofis aka yi su, kuma ina tare da masu fifita su. Jikinsu ya fi ƙwari, madannansu sun fi daɗin bugu, mai gyara yana kwance su ba da wahala ba, kayan gyaransu kuma ba sa yankewa daga Computer Village ta Ikeja zuwa Titin Beirut a Kano. Sai dai yana da kyau a san yadda aka saye su tun asali. Banki ko kamfanin inshora a Ingila ko Amurka yakan yi odar dubbai a lokaci guda, ya mora shekara uku ko huɗu, ya sallame su. Samfuri guda yana da fuska iri-iri da za a zaɓa, mai odar kuma sau da yawa mafi araha yake ɗauka, domin ma'aikacinsa in ya zo ofis jona laftof ɗin yake yi da babbar monita a kan tebur. Fuskar da a can ba a dubanta sai jefi-jefi, ita muke zuba wa ido daga hantsi har bayan isha'i.

Shi ya sa sunan kwamfuta kaɗai ba ya gaya maka abin da ka saya. ThinkPad T480 ta 2018 an fitar da ita da fuska mai ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, an kuma fitar da ita da mai 1920 da 1080. Haka ma EliteBook 840 G3 ta 2016. Suna ɗaya, jiki ɗaya, a kan kanta ba ka raba su. Amma ta farko ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai ne ke zana maka rubutu, ta biyu sun haura miliyan biyu. A faɗin inci 14, ɗaya tana ba ka harafi mai kaifin gefe, ɗayar tana ba ka harafi dishi-dishi wanda ido sai ya yi ta ƙoƙarin haɗa shi. Mu masu rubuta Hausa abin ya fi taɓa mu, domin ƙugiyar da ta raba ɗ da d, ko ƙ da k, 'yan ɗigo ƙalilan ne ke ɗauke da ita.

Akwai wani Goni a unguwarmu, dattijo da ya rubuta Alƙur'ani da ka tun yana saurayi. Ɗansa ya aiko masa da laftof mai tsada, aka zuba masa manhajar littattafai ta Shamila da hotunan tsofaffin rubuce-rubucen Barno. Ba a daɗe ba ya aiko yaro ya kira ni. Na same shi a zaure da hantsi, zaune a kan buzu, kwamfutar a kan ɗan teburi, ƙofa a buɗe a bayansa.

"Allah gafarta Malam, an ce kana nema na."

"Matso ka duba mini wannan abu, ɗana. Ni dai in na duba, kaina nake gani da rawanina, ban ga karatu ba."

Na durƙusa a gefensa. Irin fuskar nan ce mai ƙyalli wadda ake taɓawa da yatsa, gilashin da ke samanta ya mayar da ita kamar madubi. Farar rigarsa na ciki, hasken ƙofa na ciki, har reshen darbejiyar ƙofar gida yana kaɗawa a kan shafin. Ya sunkuyar da murfin, ya ɗaga, ya karkata kai, ya sa tafin hannu ya yi wa rubutun rumfa. Shafin da ya buɗe na wani tsohon Alƙur'ani ne, irin waɗanda malamai suka rubuta tarjama da tsohon harshen Kanembu a tsakanin layukansu da 'yan mitsi-mitsin baƙaƙe, irin waɗanda Baturen nan A. D. H. Bivar ya ɗauki hotonsu a shekarun 1950. A rubutun ƙasar nan, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya ne a sama. Mutumin da ya tsufa yana bambance su a hasken aci-balbal, ga shi yau yana nuna mini wani wuri da farce yana tambayata ko ɗigo ne ko ƙura.

Na ce, "Malam, ba idonka ba ne. Kwamfutar ce."

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "To, alhamdulillahi. Ni na ɗauka tsufa ne ya zo mini gaba ɗaya."

Abin da muka yi ranar bai ci ko kwabo ba. Muka juya zamansa, hasken ƙofa ya koma zuwa ta gefe maimakon ta bayansa, na ƙara girman rubutu a saiti zuwa 150 cikin 100, na goge gilashin. Ya sami sauƙi, amma bai huta ba sai da ɗan nasa ya musanya masa da wata mai fuska mara ƙyalli, wadda injinta bai kama ƙafar na farkon ba. Da ita yake karatu har yanzu. Amsar da ya ba ni kuwa ta tsaya mini a rai. Mutum nawa ne a garin nan suka yanke wa idonsu hukunci, suka ce tsufa ne ko ciwo, suka rage karatu, alhali laifin na wani gilashi ne da aka tsara don ɗaki mai labule?

Ƙyalli ɗaya ne kawai daga cikin matsalolin. Akwai kuma ƙirar fuskar kanta. Masu arahar ana ce musu TN, masu kyan IPS. Ita TN sai ka zauna mata daidai sak. Da ka ɗan ɗaga murfi ko ka sunkuyar, fari ya koma toka-toka, baƙi ya koɗe, layukan Excel su ɓace. IPS kuwa ta ko'ina ka dube ta rubutu na nan yadda yake. A ofisoshin da kwamfutocin nan suka fito, ma'aikaci ɗaya ne a gaban fuska ɗaya. Mu nan ba haka muke aiki ba. Wanda ya kawo takardar neman aiki yana tsaye a kafaɗarka yana son ya ga an rubuta sunan mahaifinsa daidai. Uwar amarya ta sunkuyo tana bin jerin sunayen katin biki. Alhaji ya ja kujera gefenka, ba zai yarda da bashin da ka karanto masa ba sai ya ga lambar da idonsa. Kai biyu, kai uku a kan fuska guda, shi ne aikinmu na kullum. A kan TN, na gefe inuwa yake gani, kuma a lissafin kasuwa 3 ta rikiɗe ta zama 8 ba ƙaramar magana ba ce, tana iya raba abokan ciniki na shekaru. Akwai ma wata fuska da HP ya fara sakawa a 2016, Sure View, wadda da gangan aka yi ta don na kusa da kai a jirgi kada ya leƙa aikinka. Ga ma'aikacin banki ko mai riƙe bayanan marasa lafiya alheri ce. Ga mai shagon buga takardu kuwa ba ita yake bukata ba, kuma mai sayarwa ba lallai ya san tana ciki ba.

Shekarar da ta fi koya mana wannan karatu ita ce 2021. A watan Janairu aka tarwatsa turakun lantarki a hanyar Damaturu, Maiduguri ta faɗa duhu. Aka gyara a watan Maris, cikin 'yan kwanaki aka sake tarwatsa su. Kusan shekarar gaba ɗaya haka aka ci ta, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Ɗaki ba ya zaunuwa babu fanka, man janareta kuma ba kowa ke iya sayensa kullum ba. Sai ofis ya koma gindin darbejiya da bakin baranda. A nan aka tantance kwamfutocin aiki da na ado. Ana auna hasken fuska da wani ma'auni, nit. Yawancin na ofis da ke zuwa mana tsakanin 220 da 250 suke, wanda ya isa a cikin ɗaki. A inuwar bishiya da tsakar ranar Barno kuwa, sai an kai 300 kafin ido ya daina wahala, 400 ce ke ba da natsuwa. Na ga matasa masu kwamfutoci masu ƙarfin gaske sun yafa mayafi ko jallabiya a ka, sun rufe kansu da laftof ɗin cikin wannan zafi don kawai su ga abin da suke bugawa, gumi na ɗiga a kan madannai. Kusa da su wani da tsohuwar kwamfuta mara ƙyalli yana aikinsa a sarari.

Sannan ga batir. Fuska na cikin abubuwan da suka fi shan wuta a laftof. Mai ƙyalli tana tilasta maka ka ƙure haske don ya rinjayi inuwar da ke cikinta, batir ya zube kafin azahar, ka ɗauke ta ka kai shagon caji ka biya. Mara ƙyalli da rabin haske kana karatu. Wato tambayar nan ta awa nawa batir ke kaiwa, rabin amsarta a jikin fuska take. An buɗe tashar lantarki mai aiki da gas mai megawat 50 a watan Maris na 2023, sola kuma ta yawaita a kan rufin gidaje, amma ranar garin nan ba ta rage ba, aiki a waje ma bai ƙare ba.

Da dare kuma abin juyawa yake. Fuska mai cikakken haske a ɗaki mai duhu tana gajiyar da ido fiye da kima. A rage ta, a kunna ko 'yar fitilar caji ce a gefe. Wasu fuskokin in an rage su, ƙyaftawa suke yi da saurin da ido ba ya kamawa, amma wasu mutanen kansu yana sarawa saboda ita. In ka rage haske ka duba ta kyamarar waya ka ga baƙaƙen layuka suna gudu, to tana cikinsu.

Likitocin ido sun yi ta bayani cewa kallon kwamfuta ba ya makantar da mutum, amma yana busar da ido, ya kawo raɗaɗi, gani biyu-biyu da ciwon kai. Dalili shi ne mai zuba wa fuska ido yana rage ƙyafta ido zuwa rabin yadda ya saba ko ƙasa da haka. Haɗa wannan da busasshiyar iskar hunturu da ƙurarta, ka ga abin da ke sa idon masu buga takardu ya yi jawur daga Disamba zuwa Fabrairu. Shawararsu mai sauƙi ce: duk bayan minti 20 ka ɗaga kai ka dubi wani abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Mu da ladan ke tayar da mu daga kujera, alwala kuma ta jiƙa mana fuska, mun sami wani kaso na wannan hutu tun kafin a ba mu shawara, sai dai tsakanin hantsi da azahar akwai nisa. Tabarau masu tare shuɗin haske da ake tallatawa yanzu, wani babban nazari na Cochrane a 2023 ya tattara gwaje-gwaje 17 bai ga wata shaida bayyananna cewa suna rage gajiyar ido ba. Wanda ya haura arba'in ya ga ƙananan baƙaƙe sun fara guje masa, wannan kuwa lamarin shekaru ne, maganinsa tabarau na karatu da aka auna masa a asibiti, kamar sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, inda za a duba masa hawan jinin ido a zama guda. Maganin ɗigawa na 'yan talla kada ya kusanci idonsa.

Gobarar Kasuwar Monday ta 26 ga Fabrairun 2023 da ambaliyar madatsar Alau ta 10 ga Satumban 2024, wadda ta shiga tsohon gari har fadar Shehu, sun tilasta wa mutane da yawa sayen kayan aiki daga farko, a lokacin da naira ta faɗi, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Mutumin da ruwa ya ci shagonsa ba ka ce masa ya ƙara kuɗi. Abin da nake gaya wa duk wanda ya nemi shawarata a lokacin, kuma har gobe, shi ne ya sauya inda zai zuba ɗan abin da ke hannunsa. Wata 'yar ƙanwata da ke riƙe wa wata ƙungiyar mata lissafi ta zo da kuɗinta a ƙulle, ta ce, "Kawu, an ce mini in ba i7 ba ce kada in saya." Na ce mata i5 ta zubi na takwas tana da ƙwaƙwalwar aiki huɗu, yawancin i7 na laftof ɗin ofis na zubi na shida da na bakwai biyu gare su, don haka lambar kaɗai ba hujja ba ce. Ga shi kuma Microsoft ya tsayar da tallafin Windows 10 na yau da kullum a 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida daga zubi na takwas take farawa. Word da Excel ba sa neman wani inji na a zo a gani. RAM ana ƙarawa a yawancinsu, batir ana canjawa, ma'ajiya ana sauya ta da SSD cikin rabin awa. Abin da ya rage na kuɗin, a sa shi a fuska: IPS, mara ƙyalli, 1920 da 1080, mai hasken da ya isa.

Gane ta ba ya bukatar ilimin injiniya. Cikin shago akwai duhu-duhu, kuma hoton furanni ko teku da ake sakawa a fuskar yana ƙawata ko wace iri. Ka nemi izini ka kawo ta bakin ƙofa inda rana take. Ka buɗe farin shafi, ka buga layi biyu da ƙananan baƙaƙe, da lambobi, da Larabci mai wasali in kana aiki da shi. Ka kwantar da murfin baya, ka dawo da shi, ka koma gefe ka tsaya inda abokin cinikinka zai tsaya. Ka shiga saiti ka ga lambar ɗigon da idonka. Farin shafin zai tona maka fararen tabo na matsi da ɗigon da suka mutu, baƙin shafi kuma zai nuna inda haske ke yoyo ta gefe. Mai shagon kirki ba ya jin haushin wannan, akwai ma waɗanda su da kansu suke ce maka ka fita da ita ka gani. Da 'yan kasuwar za su riƙa rubuta irin fuskar a 'yar takardar da suke mannawa a murfi, da sun rage wa kansu rigimar dawo da kaya.

Bayan saye kuma sai zama da ita, a garin da ƙura ba ta neman izini. Hannun riga shi ne babban mai kashe fuska a nan, domin ƙurar Maiduguri yashi ce, in ka goge ta a bushe karce take bari, karcen kuma shi ke watsa haske ya dusashe rubutu. A fara hure ta, sannan a bi da tattausan ƙyalle mai ɗan danshin ruwa. Kada a ɗaga laftof ta murfi, kada a rufe ta da biro a ciki, kada a cusa ta jaka ɗaya da caja a danne ta da gwiwa a Keke, kada a bar ta a mota da rana.

Wanda ya riga ya sayi mai raunin fuska ba sai ya jefar ba. In aikinsa na zama wuri ɗaya ne, monita ta hannu mai inci 22 ko 24 da wayar HDMI ta fi masa sabuwar laftof amfani, ta kuma ɗago masa wuya daga sunkuyo. In mai yawo ne, yawancin EliteBook da Latitude da ThinkPad ana iya cire musu fuska a sa wadda ta fi, muddin mahaɗin wayarta ya dace. A nan ne ake bukatar sa ido, domin fuska in ta fashe, abin da ke kusa kuma ya shiga ramin shi ake sakawa, har kwamfutar da ta zo da mai kyau ta koma da mara kyau ba tare da mai ita ya sani ba. Ka faɗa wa mai gyara irin wadda kake so tun kafin a yi ciniki, ka sa ya nuna maka lambar da ke bayanta, sannan ka tsaya a kunna ta a gabanka ka karanta layi biyu kafin ya ɗaure sukurori.